Yadda Ake Gane Manyan Sassan UPS da Duba Lafiyar Kowanne

UPS shi ne akwatin nan da ake jonawa tsakanin soket ɗin bango da kwamfuta, ko saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima), ko na'urar rarraba intanet, don kada su mutu farat ɗaya idan an ɗauke wuta. Aikinsa na 'yan mintuna ne kawai, daidai lokacin da za ka adana abin da kake yi ka kashe kwamfuta cikin tsari, ko janareta ya tashi ya karɓi lodi. Mutane da yawa ba su san komai a kansa ba sai kukan da yake yi idan wuta ta tafi. Shi ya sa da zarar ya fara rigima sai a tura shi lungu a sayo wani, alhali galibi ɓangare ɗaya ne ya gaji, kuma sukudireba da mitar gwaji sun isa a gano shi.

Dabarar da za mu bi ita ce bin sawun wutar kanta, tun daga inda ta shiga akwatin har inda ta fita. Kowane ɓangare yana kan wannan hanya. Idan ka san abin da yake yi wa wutar, alamar ciwon ita za ta kai ka ga mai laifi.

Mataki na 1: Karanta takardar da ke manne a bayansa

Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, juya akwatin ka karanta lambobin da ke jikinsa. Za ka ga guda biyu masu kama da juna, ɗaya da VA ɗaya da W. A ƙananan UPS lambar W takan zama kusan kashi 60 cikin 100 na lambar VA, misali 650VA da 360W, ko 1000VA da 600W. Manya na zamani sukan kai kashi 90, wasu ma lambobin biyu daidai suke. Lambar VA ce ake bugawa da manyan haruffa a kwali saboda ta fi cika ido, amma ta W ce za ka riƙe. Tara wat ɗin duk abin da za ka jona, ka tabbata bai wuce kashi 80 cikin 100 na wannan lamba ba.

Abu na biyu da za ka nema shi ne irin ginin UPS ɗin, domin shi zai faɗa maka sassan da za ka tarar a ciki. Iri uku ne, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 62040-3 ta ba kowanne alama.

Na farko shi ne mai jiran gadi, wanda ake kira oflayin, alamarsa VFD. Muddin akwai wuta, wucewa take yi kai tsaye daga bango zuwa kwamfuta, inbata, wato ɓangaren da ke mayar da wutar batir irin ta gida, yana zaune bai yin komai. Sai an ɗauke wuta sannan rile, wani makunni mai juya kansa, ya juya lodi zuwa batir. Na biyu mai alamar VI haka yake, sai dai an ƙara masa taransifoma mai ɗaga wuta idan ta yi ƙasa, ya rage ta idan ta yi sama, ba tare da an taɓa batir ba. Wannan shi ne ya fi yawa a ofisoshi. Na uku shi ne onlayin, mai alamar VFI. Shi kullum juya wuta yake yi sau biyu: ya mayar da AC, wato irin wutar bango, zuwa DC, wato irin wutar batir, sannan ya sake haɗa sabuwar AC daga wannan DC ɗin. Kwamfutar ba ta taɓa ganin wutar bango ba, ta inbata kawai take sha dare da rana. Irinsa ake sa wa sabobi, da kayan asibiti, da duk abin da ƙiftawar wuta za ta jawo wa asara. Ya fi cin wuta, ya fi zafi, kuma fankarsa ba ta hutawa.

Mataki na 2: Kashe shi da gaske

UPS ya bambanta da sauran kayan wuta ta fuska ɗaya mai haɗari: cire filoginsa daga bango ba ya kashe shi. Wannan ai shi ne aikinsa. Yana iya kasancewa a ƙasa, wayarsa a hannunka, amma soket ɗinsa na baya yana fitar da 230V, ko 120V idan na tsarin Amurka ne.

Saboda haka bi wannan tsari, kada ka tsallake ko ɗaya. Kashe kwamfuta da duk abin da ke jone, ka zare su. Danna maɓallin UPS ɗin har ya mutu. Zare filoginsa daga bango. Buɗe murfin batir ka cire wayar batir, baƙar tukuna. Sannan ka jira aƙalla minti 5, ko abin da littafin na'urar ya ce, domin kafasitocin ciki su sauke cajinsu. Cire agogo da zobe. Ƙaramin batir mai 12V ba zai ja ka ba, amma idan ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu zai tura wutar da ta haura amfiya 100, wadda za ta mayar da zobe garwashi a yatsa.

Ga iyakar da nake ganin ya kamata mutum ya ja wa kansa. Ƙaramin UPS mai batir ɗaya ko biyu, mai hankali zai iya buɗe shi ya duba. Amma onlayin, ko da na 1kVA (wato 1000VA) ne, a cikinsa akwai DC da ke kaiwa wajen 400V, kuma manya masu 6kVA zuwa 10kVA sukan ɗauki batura 16 ko 20 a jere, wato 192V ko 240V daga baturan kaɗai. Waɗannan karanta bayaninsu ka gane su, amma buɗe cikinsu aikin ƙwararre ne.

Mataki na 3: Ƙofar shiga

Bi wayar da ta fito daga bango. Abu na farko da za ta tarar shi ne fiyus, ko wani ɗan maɓalli da ke tasowa idan lodi ya yi yawa. Idan UPS ɗinka yana ta kuka yana aiki da batir alhali akwai wuta a soket, nan za ka fara dubawa. Mayar da maɓallin, ko ka gwada fiyus da mita. Idan ya ƙone, sa mai lamba iri ɗaya. Kada ka naɗa masa zaren waya. Idan sabon ma ya ƙone nan take, matsalar tana can gaba.

Bayan fiyus za ka ga wasu 'yan faya-fayai masu ƙafa biyu, galibi shuɗaye ko rawaye. Sunansu MOV. A wutar yau da kullum ba sa yin komai, amma idan wuta ta yi tsalle farat ɗaya sai su buɗe hanya su shanye rarar. Kowane duka da suka sha yana rage musu ƙarfi, har su ƙare ba tare da wata sanarwa ba. Idan ka ga ɗaya ya tsage ko ya yi baƙi, ya riga ya ba da ransa. Kusa da su akwai naɗaɗɗiyar waya a kan zobe da ƙananan kafasitoci masu tace hayaniyar da ke biyo wuta. Su ba kasafai suke lalacewa ba. Duk waɗannan suna kare ka daga tsallen wuta na layi, amma tsawar da ta faɗo kai tsaye ta fi ƙarfinsu.

Mataki na 4: Rektifaya da caja

Batir DC yake ci, bango kuma AC yake bayarwa, don haka dole a sami mai juyawa. Wannan shi ne rektifaya. A ƙaramin UPS ɗan ƙaramin caja ne kawai, aikinsa ya cika batir ya riƙe shi a cike. A onlayin kuwa babban ɓangare ne, domin shi ke ciyar da inbata da dukan wutar da lodi yake ja, ga kuma cajin batir a gefe.

Caja mai lafiya yana riƙe batir mai 12V a tsakanin 13.5V da 13.8V. Idan batura biyu ne a jere, ninka lambar, za ka ga wajen 27V zuwa 27.6V. Abin da ya gaza haka ba zai cika batir ba, abin da ya haura sosai kuma dafa shi zai yi, ya busar da shi ya kumbura. Hanya mafi aminci ta ganin wannan lamba ita ce ta fuskar UPS ɗin idan yana da allo, ko ta manhajarsa a kwamfuta. Idan da mita za ka gwada, to sai UPS yana jone da bango, kuma a nan akwai abin lura: a UPS da yawa layin batir ba a raba shi da wutar bango ba, saboda haka kan batir na iya ja. Maƙala ƙafafun mitar tun yana kashe, sannan ka jona, ka karanta, ka zare, hannunka bai taɓa ƙarfe ba. Ka kuma sani wasu kamfanoni sun tsara cajarsu ta riƙa hutawa bayan batir ya cika, don haka ganin 12.9V sau ɗaya ba hujja ba ce cewa caja ya mutu. Gwada bayan ka ɗan yi amfani da batir ɗin, lokacin da dole caja ya tashi.

Ƙananan cajojin nan ba su da sauri. Batir da ya zube sarai yakan ɗauki awa 6 zuwa 8 kafin ya dawo kusa da cika. Inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, batir ba ya samun cika kafin a sake jan sa, kuma wannan zama rabi da rabi yana kashe shi da wuri.

Mataki na 5: Batir

A nan gizo ke saƙa. Idan UPS ya kasa riƙe lodi, batir ne farkon wanda ake tuhuma, kuma yawanci tuhumar takan tabbata.

Abin da za ka tarar a mafi yawan UPS batir ne na dalma da asid, irin rufaffen nan da ba a ƙara masa ruwa, wanda ake rubuta wa VRLA a jiki. Asalin fasahar tsohuwa ce, Gaston Planté ɗan Faransa ne ya ƙirƙiro ta a 1859, kuma har yau ana amfani da ita saboda tana iya ba da wuta mai yawa cikin ɗan lokaci. Kowane batir mai 12V ɗakuna shida ne a ciki, kowanne wajen 2V. Wanda ya fi yawa shi ne mai 7Ah ko 9Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne), kuma jikinsu girma ɗaya ne, tsawon milimita 151, faɗi 65, tsayi 94.

Fara da ido da hanci. Batir mai lafiya gefensa a miƙe yake. Idan ya kumbura, ko ya tsage, ko akwai farin gari a kawunansa, ko kana jin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ba sai ka gwada shi da mita ba, ya gama. Amma ruwa ba ya tsami banza: kumburi yana nufin zafi ko caji fiye da kima, don haka koma Mataki na 4 kafin ka sa sabo, in ba haka ba shi ma haka zai ƙare.

Idan jikinsa lafiya, cire shi ka bar shi ya huta na wasu awanni, sannan ka gwada. Cikakken batir yana nuna 12.7V zuwa 12.9V. Idan yana wajen 12V, cajinsa ya yi ƙasa sosai. Idan ya tsaya a wajen 10.5V duk da an yi masa caji, ɗaki ɗaya daga cikin shidan ya mutu, babu gyara.

Sai dai wannan gwajin yana yaudara. Tsohon batir yana iya nuna 12.8V lafiya lau, amma da an ɗora masa nauyi sai ya durƙushe. Shi ya sa ake ganin UPS yana nuna batir cike, ana ɗauke wuta ya mutu cikin daƙiƙa biyu. Gwajin gaskiya sai da lodi. Samo ƙwan fitilar gaban mota mai 55W, wanda ke jan wajen amfiya 4 da rabi, ka jona shi a kan batir mita tana maƙale. Mai lafiya zai tsaya kusa da 12V ya daɗe a nan. Wanda ya mutu za ka ga lambar tana gangarowa zuwa 11, zuwa 10, fitila tana dusashewa a gabanka. Idan batura biyu ne ko fiye, gwada kowanne shi kaɗai, domin a jere ake haɗa su, kuma rauni ɗaya yana ja wa duka.

Yanzu batun da ke jawo gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa, wato minti nawa zai riƙe. A takarda lissafin mai sauƙi ne. 12V sau 7Ah ya ba da 84Wh. Kwamfuta da allonta masu jan 150W ya kamata su sami fiye da rabin awa. A aikace ba za su samu ba. Dalili na farko, inbata yana ɓarar da wani kaso a matsayin zafi. Na biyu ya fi girma: wannan 7Ah ɗin an auna shi ne a kan jan wuta a hankali na tsawon awa 20, wato amfiya 0.35 kacal. Lodin 150W kuwa yana jan kusan amfiya 15 daga batir, ninki 40 ke nan da ɗoriya. Batirin dalma idan aka matsa masa haka ba ya ba da duk abin da ke cikinsa, abin da Bajamushe Wilhelm Peukert ya bayyana tun 1897. Sabon batir mai 7Ah a wannan lodi minti 10 zuwa 15 zai yi. Wannan ƙa'idar tana aiki ta ɗaya gefen ma: idan ka rage lodi da rabi, lokacin da za ka samu ya fi ninki biyu. Saboda haka zare duk abin da ba dole ba daga soket ɗin batir ya fi komai saurin ƙara maka mintuna.

Rayuwar irin wannan batir shekara 3 zuwa 5 ce a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas. Kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana yanke wannan rayuwa gida biyu. Ka tuna kuma zafin cikin akwatin ake nufi, inda batir yake zaune kusa da taransifoma, ba zafin ɗaki ba. UPS da aka cusa a ƙarƙashin tebur, bayansa manne da bango, takardu a kansa, bai kamata a yi mamaki ba idan batirinsa bai kai shekara biyu ba. Ajiya ma tana kashe shi. Batir yana zubar da caji da kansa a hankali, don haka UPS da ke kwance a sito yana buƙatar a jona shi duk wata 6, a wuri mai zafi kuwa duk wata 3.

Akwai masu cire ɗan batir su jona na mota don su sami awanni. Ban ba da wannan shawara ba. Cajar ba za ta iya cika shi a kan lokaci ba, inbatan kuma an gina shi ne ya yi aikin mintuna, yawanci ko fanka babu, idan ya yi awa yana aiki taransifomarsa na iya narkewa. Ga shi batirin mota yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. UPS masu batirin litiyam sun fara yawa, suna kai shekara 8 zuwa 10 kuma sun fi jure zafi, amma su da nasu allon kula da caji suke zuwa. Kada ka musanya iri da iri sai mai ƙera na'urar ya ce ta dace.

Mataki na 6: Inbata

Inbata shi ke ɗaukar DC ya mayar da ita AC. Za ka gane shi da jerin taransistoci da aka ɗaure a jikin ƙarfe mai haƙora don fitar da zafi. A ƙananan UPS irin MOSFET ne, kuma suna aiki tare da taransifoma mai nauyi wanda ke ɗaga 12V ko 24V zuwa wutar gida. A manya IGBT ake sawa.

Abin da ya kamata ka sani game da inbatanka shi ne siffar wutar da yake fitarwa. Wutar bango tana hawa da sauka a hankali, da santsi, sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Ita ake kira igiyar sayin. Inbata mai kyau yana kwaikwayon ta daidai. Na ƙananan UPS kuwa wuta mai matakala yake bayarwa, ta yi tsalle sama, ta tsaya, ta faɗo. Kwamfutoci da yawa ba su damu ba, amma wasu na zamani, musamman masu ƙarfi da sabobi, akwatin wutarsu yana ƙin ta, sai kwamfuta ta mutu daidai lokacin da UPS ya karɓa. Idan batir lafiya, lodi bai yi yawa ba, amma kwamfuta ɗaya tak ke mutuwa, to zargi wannan. Fanka da duk abin da ke da inji mai juyawa a ciki ma gurnani suke yi su yi zafi a kan irin wannan wuta.

Wani abu da ke ruɗa masu gyara: mita ta gama-gari idan ta gwada wuta mai matakala takan nuna ƙasa da gaskiya, ka ga 180V ko 200V maimakon 230V. Ba inbatan ne ya lalace ba, mitar ce ba ta iya karanta siffar ba. Sai mita mai alamar RMS na gaskiya.

Inbata da ya ƙone ba ya ɓoye kansa. Akwai ƙauri, akwai baƙi a jikin allon da sassan ke manne a kai, fiyus ɗin batir ya tsinke, UPS yana kuka mara yankewa. Abin da ke kashe shi shi ne lodi mai fizgar wuta: firinta mai leza, injin kwafi, hita, dutsen guga, firiji. Firinta mai leza tana da abin ɗumama takarda da ke jan ɗaruruwan wat a lokaci guda. Kada ta shiga soket ɗin batir ko kusa. UPS da yawa suna da soket kashi biyu a baya, masu batir da masu kariyar tsallen wuta kawai. Duba rubutun kafin ka jona.

Mataki na 7: Mai juya hanya

Wannan ƙarar "ƙas" da kake ji idan wuta ta tafi, rile ne. Ƙananan akwatuna ne masu kusurwa huɗu a kan allo. Aikin rile ya raba lodi da layin bango ya haɗa shi da inbata, kuma yana yin haka cikin milisakan 2 zuwa 10. Kwamfuta ba ta ji saboda akwatin wutarta yana da kafasitocin da ke riƙe ta na wajen milisakan 16. Tazarar ƙarama ce, shi ya sa tsohuwar kwamfuta da kafasitocinta suka gaji takan sake tashi duk lokacin da UPS ya juya, mutum ya yi ta zargin UPS a banza. Rile yana da wani aiki na biyu da ba a cika ambata ba: yana hana wutar inbata komawa cikin layin gida, inda za ta iya jan wanda ke gyaran waya yana zaton babu wuta.

A UPS mai alamar VI akwai ƙarin rile masu zaɓar wurin da za a ɗebi wuta a jikin taransifoma, don ɗagawa ko ragewa da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Jin ƙas-ƙas jefi-jefi ba matsala ba ne, aiki yake yi. Idan kuwa yana yi ba ƙaƙƙautawa, wutar da ke shigowa ce ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Haka yakan faru a kan ƙaramin janareta da gudunsa ke hawa da sauka. Yawancin UPS suna da saitin da ake rage musu saurin tsorata, a allo ko a manhaja.

Onlayin ba ya buƙatar wannan juyi idan wuta ta tafi, domin lodi dama a kan inbata yake, batir kawai ke maye gurbin rektifaya. Abin da yake da shi hanyar ratse ce, wadda masu aikin ke kira baifas. Idan inbata ya lalace, ko ya yi zafi, ko lodi ya wuce kima, sai a mayar da lodi kan wutar bango kai tsaye. A manyan na'urori ba rile ke wannan ba, wasu sassa ne marasa motsi da ake kira SCR, masu juyawa cikin 'yan milisakan. Idan ka ga fitilar baifas a kunne, kada ka saki jiki don komai yana aiki. A wannan hali ba ka da kariya ko kaɗan, ana ɗauke wuta komai zai mutu. Akwai kuma baifas na hannu a manya, wanda ƙwararre ke juyawa don ya yi gyara ba tare da an kashe sabobi ba.

Mataki na 8: Kafasitoci, fanka da allon sarrafawa

Kafasitoci su ne gwangwanayen da ke tsaye a kan allo. Samansu ya kamata ya zama a shafe. Wanda ya tasa ko ya zubo ruwa ya gaji, kuma zafi ne ke tsufar da su kamar yadda yake yi wa batir. A manyan UPS akan canza su bisa jadawali, ba a jira su fashe. Fanka kuwa juya ta da yatsa, in ta cije ko tana ƙara a canza ta, sannan ka hure ƙurar da ta toshe ramukan iska. Ƙaramin abu ne, amma fanka da ta tsaya tana iya jawo mutuwar inbata.

Allon sarrafawa shi ke auna wuta, ya ba rile umarni, ya kunna kuka. Ba a cika gyara shi ba. Amfanin da za ka ci daga gare shi yana ta kafar USB da ke baya, wadda mutane da yawa ba su taɓa jonawa ba. Haɗa ta da kwamfuta, ka sa manhajar kamfanin, kamar PowerChute ta APC, ko NUT ga masu Linux. Da wannan kwamfuta za ta kashe kanta cikin tsari idan batir ya kusa ƙarewa ba ka kusa.

Mataki na 9: Sa sabon batir ka gwada

Ɗauki hoton yadda wayoyi suke kafin ka cire komai. Sabon batir ya zama lambar V ɗinsa ɗaya da ta tsohon, girma ɗaya, Ah daidai da na tsohon ko sama kaɗan. Duba faɗin kawunansa, domin iri biyu ne: F1 mai milimita 4.75 da F2 mai 6.35. UPS yawanci F2 yake so, kuma haɗin da bai kama sosai ba zafi yake yi. Duba ranar da aka ƙera shi, kada ka karɓi wanda ya daɗe a ajiye. Idan batura biyu ne ko huɗu, canza su duka lokaci guda, iri ɗaya.

Jar waya a kan alamar +, baƙa a kan alamar −. Ɗan tartsatsi lokacin haɗa ta ƙarshe ba abin tsoro ba ne, kafasitoci ne ke cika. Rufe akwatin, jona shi da bango, ka bar shi awa 8 ba tare da lodi ba. A manhaja ko allo shigar da ranar canjin, ka kuma rubuta ta a jikin akwatin.

Gwajin farko ka yi shi da abin da ba za ka yi asara ba, kamar fitilar tebur. Kada ka gwada ta hanyar fizge filogi daga bango, domin hakan yana yanke wayar ƙasa da ke kare ka. Yi amfani da maɓallin gwaji na UPS ɗin, ko ka kashe makunnin soket filogi yana ciki. Idan ya riƙe, jona kwamfutar ka sake, ka duba agogo ka rubuta minti nawa ya yi kafin ya fara kukan ƙarewar batir. Maimaita wannan duk wata 6. Ranar da ka ga lokacin ya ragu zuwa rabin na farko, fara neman wani batir.

Tsohon kuma kada ya shiga shara, kada a fasa shi, kada a bar shi inda yara ke wasa, saboda dalma guba ce. Liƙe kawunansa da salatif ka kai wa masu sayar da batir ko masu karɓa don sake sarrafawa.